Mata na biyan kuɗin ƙungiyar ƙwadago duk wata, to wa ke zama a teburin ciniki?

Duk sanda aka tayar da maganar mata a ƙungiyoyin ƙwadago, abin da za ka fara ji daga bakin maza, kai har da wasu matan ma, shi ne: to wai me aka hana su? Malama mai mataki na 8 da malami mai mataki na 8 ai albashinsu ɗaya, ranar da alat ya shigo wayarsa ranar yake shigowa tata, da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024 ba a ce na maza daban na mata daban ba. Wannan magana gaskiya ce, ba zan musa ba. Sai dai albashi layi ɗaya ne kawai cikin doguwar takardar da ake ciniki a kanta, kuma rigimar tana cikin sauran layukan, musamman waɗanda ba a taɓa rubutawa ba saboda babu wanda ya kawo su.

Kalmar da ke razana mutane

Bari mu fara cire ƙayar nan tukuna. A Arewa da zarar an ce "daidaiton jinsi" sai kowa ya gyara zama, don tunani yana tafiya kan gado da aure da shugabancin gida. Ba laifin mutane ba ne, haka kalmar ta shigo mana. Ƙudurin dokar daidaiton jinsi da Sanata Biodun Olujimi ta kai majalisar dattawa ya faɗi a 2016, ya dawo a 2021 ya sake cijewa, kuma yawancin muhawarar a kan addini da al'ada aka yi ta. To wannan wata kasuwar ce daban. Abin da ake magana a nan na wurin aiki ne zalla, tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki: nawa za a biya, awa nawa za a yi, hutun haihuwa kwana nawa, wa za a kai wa ƙara idan oga ya matsa wa mace, wa za a tura kwas, wa za a ƙara wa girma. Babu gadon kowa a ciki.

Shi kuma cinikin bai-ɗaya, wato abin da ƙungiya take yi a madadin mambobinta, ma'anarsa a sauƙaƙe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan masinja shi kaɗai ya shiga ofishin darakta ya ce a ƙara masa kuɗi, ƙofa za a nuna masa. Amma idan ƙungiya ta zo da sunan mutum dubu goma, da barazanar yajin aiki a aljihunta, dole a ba ta kujera. Ana zama, kowane ɓangare ya kawo nasa, a ja a saki, a ƙarshe a sa hannu a yarjejeniya wadda za ta hau kan kowa, har da wanda bai san an yi zaman ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO masu lamba 87 da 98, waɗanda suka ba da 'yancin kafa ƙungiya da yin wannan cinikin, tun shekarar 1960.

Inda gizo ke saƙar

Ciniki ba ya farawa a tebur. Yana farawa ne ranar da shugabannin reshe suka zauna suka rubuta jerin buƙatu. Kuma ba ya ƙarewa da samun komai, kullum sai an sadaukar da wani abu. Gwamnati ko kamfani za su ce buƙatunku goma sha biyu ne, mu huɗu za mu iya, ku zaɓa. Wannan zaɓen galibi cikin dare ake yinsa, kowa ya gaji, 'yan jarida na jira a waje. A wannan lokacin wanda yake cikin ɗakin shi ke yanke abin da za a riƙe da abin da za a ce "a bar shi sai zama na gaba". Idan duk waɗanda ke ɗakin maza ne, ba sai sun kasance mugaye ba kafin ɗakin renon yara ya faɗi ya bar alawus ɗin mota. Kawai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ga wannan da idona a makarantar firamare da yayata ke koyarwa. Malamai mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. A bayan ajin 'yan aji uku akwai wata bishiyar darbejiya, a nan wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa da alewa take zama, kuma ita ce ta zama gidan renon makarantar ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Jarirai uku, wataran huɗu, a kan tabarma, an lulluɓe su da zani saboda ƙuda. Yaro ya yi kuka sai ta aiki ɗalibi ya ruga aji ya ce Malama ana kira. Malama ta bar allo da rabin lissafi ta fito ta ba da nono a tsaye, idonta na kan ƙofar hedimasta. Ƙarshen wata kowace ta ɗan ba dattijuwar abin goro daga aljihunta. Duk waɗannan malamai ana cire musu kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya iso hannunsu. Na tambayi yayar tawa, na ce Yaya, kun taɓa kai maganar nan mitin ɗin ƙungiya kuwa? Ta yi dariya ta ce ƙanena ke nan, mitin ɗin da ake sawa bayan la'asar a ƙare bayan isha'i, wa zai dafa wa yara tuwo, kuma wane mijin ne zai bar ka kana dawowa gida ƙarfe tara da sunan ƙungiya?

Amsar nan tata ta fi duk wani dogon turanci bayani. Ba doka ce ta hana mata shugabanci a ƙungiya ba. Lokacin mitin ne, da wurin mitin wanda sau da yawa otal ne, da tafiyar kwana uku zuwa taron daliget a wani gari, da kuɗin kamfen, da kuma bakin mutane, don macen da ta cika tsayawa gaban maza tana ɗaga murya an san sunan da ake ba ta a gari.

Abin da doka ta ce, da abin da ta bari a buɗe

Dokar ƙwadago ta Najeriya tun ta shekarun 1970 ce ake ta jan ta. Sashe na 54 ya ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aikin, sannan rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ka lissafa: mako shida bayan haihuwa kwana 42 ke nan. Wato mace ta gama wankan jego yau, jibi ana jiranta a bakin aiki. Yarjejeniyar ILO mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta ce mafi ƙaranci mako 14 da aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi, kuma Najeriya ba ta sa mata hannu ba. Maƙwabciyarmu Nijar mako 14 take bayarwa.

To amma doka ƙasa ce, ba rufi ba. Ana iya ɗorawa a kanta. Ma'aikatan gwamnatin tarayya mako 16 suke samu. Legas ta kai nata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, abin da ya zo daidai da shawarar likitoci ta a shayar da jariri nono zalla wata shida. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga maigidan da matarsa ta haihu, wanda a wurinmu ma ya faɗo daidai, ya kama hidimar asibiti da ta suna har da 'yan kwanaki a sama. Saboda haka mace biyu masu aiki iri ɗaya, ɗaya a Kaduna ɗaya a wani kamfani mai zaman kansa a Sharaɗa ko Bompai, ta farko wata shida, ta biyu mako 12 da rabin albashi idan ma an ba ta. Wannan ratar ita ce filin da ƙungiya ya kamata ta yi wasa a ciki.

Akwai kuma abubuwan da doka ba ta san da su ba sam, amma mu mun san su. Takaba misali, wata huɗu da kwana goma. Dokar ƙwadago ba ta ce komai a kai ba, don haka a wurare da yawa ma'aikaciyar da mijinta ya rasu sai dai ta dogara da kirkin shugabanta, in mai tausayi ne ya kau da kai, in ba haka ba takardar tuhuma ta same ta a kan tabarmar zaman makoki. Ga batun yunifom da hijabi ga nas-nas. Ga motar da za ta mayar da wadda ta tashi diyutin dare. Ga banɗaki na mata mai ƙofa da ruwa, abin da ake jin kunyar faɗa a mitin amma je ka tambayi malamar makarantar ƙauye. Ga canjin wurin aiki da ake yi wa matar aure zuwa ƙaramar hukumar da ba za ta iya zuwa ta dawo a yini ba, wanda sau da yawa ƙarshensa ajiye aikin ne. Duk waɗannan ana iya rubuta su a yarjejeniya, kuma yawancinsu ba su kai kuɗin motar ciyaman ɗaya ba.

Sashe na 55 na dokar kuma ya hana mata aikin dare a masana'antu, ban da nas-nas da masu riƙe da muƙamin gudanarwa. An yi shi da sunan kariya. Wasu matan na son a bar shi, wasu na cewa shi ke hana su alawus ɗin dare da kuma sa kamfani ya fi son ɗaukar namiji. Ni dai ganina wannan muhawara ce da matan masana'anta ya kamata su yi da bakinsu, ba a yi musu ita ba.

Albashi ɗaya, amma kuɗin ba ɗaya ba

Mu koma kan waccan maganar ta farko. Najeriya ta amince da yarjejeniyar ILO mai lamba 100 tun 1974, kuma abin da ta ce ba wai aiki iri ɗaya albashi ɗaya kawai ba ne, cewa ta yi aikin da darajarsa ɗaya. Bambancin nan babba ne, kuma Ingila ta ba da misali biyu masu kyau.

A 1968 mata 187 masu ɗinka rigar kujerun mota a masana'antar Ford da ke Dagenham suka tafi yajin aiki. An sa ɗinkinsu a rukunin aikin da ba ya buƙatar ƙwarewa sosai, sannan ana biyansu kashi 85 cikin ɗari na abin da maza ke samu a rukunin. Da suka ajiye keke, sai ga shi babu kujera babu mota, aiki ya tsaya. Wannan yajin na cikin abin da ya haifar da dokar daidaita albashi ta 1970 a can. Amma ka ji abin mamaki, amincewa da cewa ɗinkin nasu ƙwarewa ne bai samu ba sai da suka sake wani yajin a 1984.

Na biyu ya fi kusa. A watan Satumban 2023 hukumar birnin Birmingham ta bayyana cewa asusunta ya kasa, kuma babban dalili shi ne bashin da ya kai fam miliyan 760 na ƙarar bambancin albashi. Me ya faru? Masu kwasar shara da masu sharar titi, yawanci maza, sun daɗe suna samun garaɓasa a kan albashi, su kuwa masu girki da masu kula da tsofaffi da mataimakan malamai, yawanci mata, suna mataki ɗaya da su amma babu ko sisi. A takarda kowa matakinsa ɗaya. A aljihu ba haka ba. Kuma irin wannan garaɓasar ai a teburin ciniki ake samo ta, wanda ke nuna ƙungiya da kanta tana iya gina rata ba da niyya ba, idan ɓangaren da ya fi ƙarfin murya shi kaɗai ake ji.

A wurinmu ma ratar ta nan take ɓuya: alawus ɗin tafiya, kwas, aikin ƙarin lokaci, riƙon muƙami, da ƙarin girman da ke wuce mace tana hutun haihuwa. Ta haihu sau huɗu ko biyar cikin shekarun aikinta, kowane karo ta ɗan koma baya, ranar ritaya sai ka ga abokin da suka fara aiki rana ɗaya ya ba ta mataki biyu, fansho da giratuti kuma a kan wannan ake lissafawa.

Me ƙungiyoyin suka yi, a yi musu adalci

Ba a ce ba su yi komai ba. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC, wadda aka kafa a 1978, ta amince da manufar daidaito a 2003, ta sa burin mata su riƙe kashi 30 cikin ɗari na muƙamai, ta kafa hukumar mata wadda shugabarta ke zama mataimakiyar shugaban ƙungiyar. TUC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar manyan ma'aikata, ta taɓa samun shugaba mace, Peace Obiajulu. Reshen NLC na Legas ya zaɓi Funmi Sessi. Ƙungiyoyin sun taka rawa wajen matsa wa gwamnati har Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki a 2022. A waje kuma Zingiswa Losi ta zama shugabar COSATU, babbar ƙungiyar ƙwadago ta Afirka ta Kudu, a 2018, Sharan Burrow ta riƙe babbar sakatariyar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya ITUC daga 2010 zuwa 2022.

Amma lissafa shugabannin NLC: Hassan Sunmonu, Ali Ciroma, Pascal Bafyau, Adams Oshiomhole, Abdulwahid Omar, Ayuba Wabba, Joe Ajaero. Babu mace ko ɗaya. Kuma abin da ya fi damuna ba saman ba ne, ƙasan ne. A reshe da yawa an cika kashi 30 ɗin da kujerun ado: shugabar mata, mataimakiyar ma'aji, jami'ar walwala. Ranar 1 ga Mayu ita ce da rabon atamfa da hula da ruwan leda, ita ke jagorantar waƙa a fareti. Ranar da za a shiga ofishin shugaban ma'aikata a yi ciniki kuwa ciyaman ne da sakatare da wasu mutum biyu, ita sai ta ji a rediyo. Kujerar da ba ta kai mutum ɗakin ciniki ba, hoto ce kawai.

Masu ja da maganar, kuma ba duka ne shirme ba

Wasu na cewa ƙungiya zaɓe ake yi, wanda ya fi ƙuri'a ya hau, ware kujera rashin adalci ne. Zan yarda da su ranar da fagen ya zama ɗaya, ranar da aka dawo da mitin cikin lokacin aiki a harabar wurin aiki. Wasu kuma na cewa matan ne ba sa fitowa, in ma wata ta fito 'yan uwanta mata ne ke fara kayar da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba kullum ciwon 'ya mace ke zama na 'ya mace ba, kuma mace a tebur ba tabbas ba ne za ta tuna da mai shara, tana iya tuna lebul ɗinta kawai kamar yadda namiji ke yi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu kamfanoni. Suna cewa idan aka ce wata shida da cikakken albashi kuma daga aljihuna, to zan daina ɗaukar matan aure, shi ke nan. Wannan ba barazanar banza ba ce, ana yi ma tun yanzu, a intabiyu a tambayi yarinya yaushe za ki yi aure. Mai makarantar kuɗi da ke da malamai goma sha biyar, uku suka haihu a zango ɗaya, gaskiya zai ji a jikinsa. Shi ya sa yarjejeniya ta 183 ta fi son kuɗin ya fito daga asusun inshora na bai-ɗaya ko na gwamnati, ba daga mai ɗaukar aiki shi kaɗai ba. A Nijar asusun inshorar ma'aikata na CNSS na ɗaukar wani kaso. A Najeriya nauyin na kan mai ɗaukar aiki. Ƙungiyar da ke son tsawaita hutu ba tare da ta yi maganar wa zai biya ba, tana iya rufe wa matan ƙofa da hannunta.

Sai masu cewa ai namiji ne ke ciyar da gida, a fara da shi. A addini haka nauyin yake, babu musu. Amma leƙa gidajen ma'aikata a yau ka ga gida nawa ne albashin malama ko nas ke sayen buhun masara da biyan kuɗin makaranta, ban da zawarawa da matan da mazansu suka rasu. Abin da aka rage mata, daga tukunyar gidan aka rage.

Waɗanda ba su ma san hanyar teburin ba

Duk wannan surutun na masu albashin wata ne, kuma su 'yan kaɗan ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan masu aikin wucin gadi na gona ko masu aikin kamasho ba. To ina yawancin matanmu suke? 'Yan aikatau a gidaje, masu surfe da tsintar hatsi a Dawanau, masu gyaran shinkafa, masu ɗinki, malaman ƙananan makarantun kuɗi da ake biya abin da bai kai kuɗin mota ba, masu shara da aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila don kada su shiga ƙungiya. Yarjejeniyar ILO ta 189 kan 'yan aikin gida ta 2011, Najeriya ba ta amince da ita ba. 'Yan sanda kuma doka ta hana su ƙungiya gaba ɗaya, shi ya sa tsohuwar ƙa'idar korar 'yar sandan da ta yi ciki ba aure sai a kotu aka ƙalubalance ta, kotun ma'aikata ta soke ta a 2023, don babu teburin da za a kai ta.

Ana iya tara irin waɗannan matan, an yi a wani wuri. A Indiya Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a 1972 a birnin Ahmedabad don mata masu sana'ar kansu, yau mambobinta miliyoyi ne. A nan gida ƙungiyar ma'aikatan masaƙu mai hedikwata a Kaduna, da masaƙun suka durƙushe, ta buɗe ƙofa ga teloli. Kuma matanmu ba baƙin haɗa kai ba ne, wadda ta iya riƙe adashin mutum talatin shekara da shekaru ba a ji kansu ba, ba lissafin kuɗin ƙungiya ne zai gagare ta ba.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato 2027 za a sake zama. Kwamitin da ya yi na baya mutum 37 ne, daga gwamnati da masu kamfanoni da ƙwadago. Idan aka fitar da sunayen na gaba, ɓangaren ƙwadagon nake so in ƙirga. Kafin nan kuma akwai zaɓen reshe a makarantar yayata, ta ce wata malamar aji biyar na son tsayawa sakatare, kuma buƙatarta ta farko a mayar da tsohon sito da ke kusa da ofishin hedimasta ɗakin jarirai, a sa masa tabarma da randa.